Joe Satriani da Ma'aunin Malami: Martani ga Mai Cewa Gwaninta Ta Kashe Kiɗan Rok

A wata maƙala da ta fito kwanan baya game da tarihin jita mai lantarki a Amurka, wani mai sharhi kan kiɗa ya yanke wa Joe Satriani hukunci mai tsauri, inda ya sa shi a sahun gaba na makaɗan da a ganinsa suka mayar da kiɗan rok gasar saurin yatsu a shekarun 1980. Hujjojinsa huɗu ne. Na farko, ya ce karantar da jita bisa ƙa'ida, kamar yadda Satriani ya yi na tsawon shekaru, yana fitar da makaɗa masu kama da juna, waɗanda suka san ƙa'ida amma ba su da abin faɗa. Na biyu, ya ce kiɗan Satriani kansa baje kolin iyawa ne wanda babu taɓa zuciya a cikinsa, musamman da yake mafi yawansa ba shi da kalmomi. Na uku, ya ce tarihi ya riga ya yanke hukunci tun 1991, lokacin da ƙungiyar Nirvana da takwarorinta na birnin Seattle suka karkatar da kunnuwan matasa zuwa kiɗa mai sauƙi. Na huɗu, ya kafa hujja da cewa an tsayar da Satriani takarar lambar yabo ta Grammy har sau 15 ba tare da ya ci ko ɗaya ba. Wannan ra'ayi ya daɗe yana yawo a tsakanin masu sharhi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a wani ɓangarensa, amma idan aka auna shi da abin da ya faru a zahiri, za a ga cewa an ɗora wa mutum ɗaya laifin wani zamani, kuma an auna malami da ma'aunin da ba nasa ba.

Kafin a shiga hujjojin ɗaya bayan ɗaya, wajibi ne a san inda mutumin ya fito, domin maƙalar ta gabatar da shi tamkar wanda ya taso a ɗakin gwaji nesa da tushen kiɗan rok. An haifi Satriani ranar 15 ga Yuli, 1956, a garin Westbury da ke tsibirin Long Island a jihar Niyok, cikin iyali 'yan asalin Italiya, kuma ya fara da ganguna kafin ya koma jita yana ɗan shekara 14, sakamakon mutuwar Jimi Hendrix a watan Satumba na 1970, wadda ta girgiza shi har ya bar ƙungiyar ƙwallon makarantarsu don ya duƙufa ga kiɗa. A makarantar sakandare ta Carle Place ya sami wani malamin kiɗa mai suna Bill Westcott, wanda ya koya masa ilimin tsarin sauti, wato yadda amo ke haɗuwa da amo su ba da daɗi ko ɗaci a kunne. A 1974 ya yi karatu a wajen Billy Bauer, makaɗin jita na salon jaz, da kuma Lennie Tristano, makaho gwanin fiyano wanda ya shahara da tsananin horo, har yakan sa almajiransa su rera da baki kiɗan manyan magabata irin su Lester Young da Charlie Parker kafin su taɓa kayan kiɗa. Duk wanda ya bi ta hannun Tristano ya san cewa kunne ne gaba da yatsa, kuma wannan darasi ne ya zama ginshiƙin karantarwar Satriani daga baya.

Hujjar farko, wadda ta shafi karantarwa, ita ce mafi rauni a cikin huɗun, duk da cewa ita marubucin ya fi dogara da ita. Satriani ya fara koyar da jita tun yana matashi a Long Island, sannan bayan ya koma Berkeley a jihar Kalifoniya a 1978 ya ci gaba da koyarwa a wani shagon sayar da jita na kimanin shekara goma. Abin da almajiransa suka ruwaito game da darussan ya yi daidai da juna: yana tilasta wa ɗalibi ya haddace sunan kowane amo a kowace gaɓa ta wuyan jita, ya san tsanin amo, wato jerin sautuka da ake hawa da sauka a kansu, ya san haɗakar amo, wato sautuka uku ko fiye da ake kaɗawa lokaci guda, sannan ya horar da kunnensa har ya iya gane tazarar da ke tsakanin amo biyu ba tare da ya duba yatsunsa ba. Steve Vai, wanda ya fara zuwa wajensa a 1973 yana ɗan shekara 13 riƙe da jita marar tsirkiya da ƙunshin tsirkiyoyi a hannu, ya sha ba da labarin yadda malamin ya sallame shi daga darasi domin ya kasa nuna wani amo nan take bayan an ba shi aikin haddacewa. Wannan horo ne mai tsanani, amma abin da yake bai wa ɗalibi shi ne taswirar kayan kiɗan gaba ɗaya, kuma taswira ba ta tilasta wa matafiyi garin da zai nufa.

Idan da gaskiya ne cewa irin wannan horo yana fitar da makaɗa masu kama da juna, da an ji muryar Satriani a hannun kowane almajirinsa, alhali abin da faya-fayansu ke nunawa akasin haka ne. Vai ya wuce kwalejin kiɗa ta Berklee a Boston, ya fara yi wa Frank Zappa aikin rubuta kiɗa daga sauraro, ya shiga ƙungiyarsa a 1980, daga baya ya yi aiki da David Lee Roth da ƙungiyar Whitesnake, kuma faifansa na 1990, Passion and Warfare, cike yake da ado da wasan kwaikwayo na sauti wanda malaminsa bai taɓa nufa ba. Kirk Hammett ya bar ƙungiyar Exodus ya shiga Metallica a 1983, kuma ya ci gaba da zuwa darasi bayan ya yi suna, amma kiɗansa ya tsaya kan tsanin amo biyar na salon bulus da kuma na'urar nan da ake takawa da ƙafa don ta sa jita ta yi kamar kukan mutum. Larry LaLonde ya fara da ƙungiyar Possessed mai kiɗan metal mafi kaushi, sannan ya koma Primus a 1989, inda ya zaɓi kaɗa sautuka masu karo da juna da gangan, irin waɗanda ba mai iya sarrafa su sai wanda ya san ƙa'idar da yake karyawa. Alex Skolnick ya yi suna a ƙungiyar Testament, ya bar ta a 1992, ya koma makaranta a Niyok ya karanci jaz har ya kafa ƙungiyarsa ta mutum uku. Charlie Hunter kuwa bai bi hanyar rok ba sam, domin ya zama makaɗin jaz mai amfani da jita mai tsirkiya takwas, wadda yake fitar da sautin bes da haɗakar amo da karin kiɗa daga gare ta a lokaci guda, kuma ana jin hannunsa a faifan D'Angelo mai suna Voodoo na shekarar 2000.

Akwai kuma almajirai biyu da suka fi kowa rushe hujjar marubucin, domin ba a san su da gudun yatsu ba ko kaɗan. David Bryson yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Counting Crows, wadda faifanta na farko, August and Everything After, ya fito a 1993 da waƙoƙi masu taushi waɗanda jita ke yi wa murya rakiya kawai. Kevin Cadogan shi ne makaɗin jita na ƙungiyar Third Eye Blind a faifanta na farko na 1997, kuma an san shi da sauya ɗaurin tsirkiyoyi don samar da haɗakar amo da ba a saba ji ba a waƙoƙin rediyo. Mutum bakwai ke nan daga hannun malami ɗaya, kuma da wuya mai sauraro ya haɗa biyu daga cikinsu ya ce gidansu ɗaya. Malamin da ke son a kwaikwaye shi yakan ba ɗalibi jimlolin kiɗansa ya haddace, shi kuwa wanda ya ba da ƙa'ida da kunne ya bar wa ɗalibi zaɓi, kuma bambancin da ke tsakanin waɗannan makaɗa shi ne shaida mafi ƙarfi a kan irin malamin da Satriani ya kasance.

A ƙarƙashin hujjar marubucin akwai wata tsohuwar fahimta da ke cewa gwanin rok na gaskiya shi ne wanda bai yi karatu ba, wanda kiɗa ke ɓulɓulowa daga jikinsa ba tare da wahala ba, kuma sau da yawa Hendrix ake kawowa misali. Tarihin Hendrix bai goyi bayan wannan ba, domin kafin ya tafi Landan a 1966 ya shafe shekaru yana yi wa wasu rakiya da jita a ƙananan gidajen rawa na kudancin Amurka, ya yi aiki da Little Richard da ƙungiyar Isley Brothers, yana koyon sana'a dare bayan dare a ƙarƙashin shugabannin da ba sa yafe kuskure. Wannan ma makaranta ce, sai dai ba ta da allo. Bambancin da ke tsakaninsa da yaran da suka taso a unguwannin bayan gari a shekarun 1970 shi ne cewa su ba su sami irin waɗancan gidajen rawa ba, saboda haka ɗakin darasi a bayan shagon jita ya maye musu gurbinsu. Wanda ya yaba horon farko ya kushe na biyu ya nuna fifikon da yake bai wa wani salon rayuwa, amma bai kawo hujja a kan kiɗan ba.

Hujja ta biyu ta ce kiɗan Satriani baje kolin iyawa ne, kuma a nan wajibi ne a saurari faya-fayan da kansu. Gaskiya ne cewa yana amfani da dabaru masu wuya. Akwai ligato, wato fitar da jerin sautuka da yatsun hannun hagu kaɗai ta hanyar dannawa da fizgar tsirkiya ba tare da an kaɗa kowane amo da hannun dama ba, abin da ke sa sautin ya gudana babu yankewa. Akwai ƙwanƙwasa tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jita, dabarar da Eddie Van Halen ya yayata a 1978, wadda Satriani ya yi amfani da ita a ɗan gajeren kiɗan nan mai suna Midnight don ya kaɗa haɗakar amo da kari tare kamar mai fiyano. Akwai kuma sandar lanƙwasa sauti, wani ƙarfe da ke jikin jita wanda ake dannawa ko ja don a sassauta tsirkiyoyi ko a ƙara musu ɗauri. Amma abin lura shi ne wurin da waɗannan dabaru ke zama a cikin ginin kiɗan. Kusan kowane sanannen kiɗansa an gina shi ne kamar waƙa, da buɗewa da baiti da amshi, inda jita ke riƙe matsayin mawaƙi, kuma gudun yatsu ba ya zuwa sai a tsakiya na ɗan lokaci kafin a koma ga karin farko. Always with Me, Always with You, wanda ya rubuta saboda matarsa Rubina, kari ne mai tafiya a hankali wanda mai sauraro ke iya rerawa bayan ji ɗaya, haka ma Summer Song na 1992, wanda gidajen rediyon rok suka riƙa sakawa kamar kowace waƙa mai kalmomi.

Ilimin ƙa'idar da marubucin ke kallo a matsayin sanyin zuciya shi ne ainihin abin da ke haifar da motsin rai a waɗannan ayyuka. Satriani ya shahara da wata dabarar tsara kiɗa da ake kira ƙa'idar kafaffen amo, wato a zaɓi amo guda a kafa shi a ƙasa ba ya motsi, sannan a riƙa sauya tsanin da ake hawa a kansa, ta yadda yanayin kiɗan zai juya daga haske zuwa duhu alhali tushen bai gusa ba. Ana jin wannan a kiɗan da ya buɗe faifansa na 1986, Not of This Earth, da kuma tsakiyar Satch Boogie, kuma a Always with Me, Always with You ma kiɗan yana sauka daga tsani mai fara'a zuwa tsani mai baƙin ciki a kan amo ɗaya kafin ya dawo. A Flying in a Blue Dream na 1989 ya gina kiɗan a kan tsanin Lidiyan, wanda ya bambanta da tsanin da aka saba da shi a amo guda kawai, na huɗu, da ake ɗagawa da rabin mataki, kuma wannan ɗan bambanci ne ke sa mai sauraro jin kamar sautin ya rataya a sama bai sauka ba. Mai sauraro ba ya bukatar sanin sunan tsanin kafin ya ji tasirinsa, amma mai tsara kiɗan yana bukatar saninsa idan yana son ya kai ga wannan yanayi da niyya kuma ya maimaita shi. Abin sha'awa ma shi ne cewa ƙarar da Satriani ya shigar da ƙungiyar Coldplay a watan Disamba na 2008, yana zargin waƙarsu Viva la Vida ta ɗauko daga kiɗansa If I Could Fly na 2004, a kan kari aka yi ta. Ƙungiyar ta musanta zargin, kuma an rufe shari'ar a watan Satumba na 2009 ba tare da kotu ta tabbatar da laifi ba, amma jayayyar kanta ta nuna cewa makaɗin da ake cewa ba shi da komai sai gudu yana rubuta karin da ake iya kwatantawa da na waƙar da ta mamaye duniya.

Game da rashin kalmomi kuwa, marubucin ya manta cewa kiɗa zalla yana cikin tushen rok tun farko. A 1958 Link Wray ya fitar da Rumble, wanda wasu gidajen rediyo a Amurka suka ƙi sakawa don tsoron zai tunzura matasa, alhali babu kalma ko ɗaya a cikinsa. A 1960 ƙungiyar Ventures ta yi nasara da Walk, Don't Run a Amurka, ƙungiyar Shadows kuma da Apache a Ingila, kuma a 1962 Dick Dale ya fitar da Misirlou. A bikin Woodstock na watan Agustan 1969 Hendrix ya kaɗa taken Amurka da jita ba tare da rera kalma ba, ya cusa masa sautuka masu kama da tashin bama-bamai a daidai lokacin da ake yaƙin Biyetnam, kuma babu wanda ya nemi a fassara masa abin da ya ji. Faifan Jeff Beck na 1975, Blow by Blow, ya kai matsayi na 4 a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka ba tare da mawaƙi ba. Abin da Satriani ya yi shi ne farfaɗo da wannan reshe a lokacin da kamfanonin faifai suka yanke ƙauna daga gare shi. Ya naɗi Not of This Earth da bashin katin banki domin babu kamfanin da ya yarda ya zuba kuɗi, kuma almajirinsa Vai ne ya taimaka wajen kai aikinsa ga kamfanin Relativity. Da Surfing with the Alien ya fito a watan Oktoba na 1987, ya kai matsayi na 29 a jerin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa, kuma daga baya ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a Amurka, adadin da ya zarce yawan masu koyon jita da za a ce su kaɗai ke sayen irin wannan faifai.

Akwai wata shaida daga abokan sana'a da maƙalar ta tsallake. A 1988 Mick Jagger, mawaƙin Rolling Stones, ya ɗauki Satriani a matsayin babban makaɗin jita a rangadinsa na farko shi kaɗai, a Japan da Ostireliya, inda aikin ya ƙunshi kaɗa waƙoƙin da ke bukatar sauƙi da riƙon bugu fiye da komai. A ƙarshen 1993, da Ritchie Blackmore ya fice daga Deep Purple ana tsakiyar rangadi, Satriani aka kira ya cike gurbin a Japan cikin ƙanƙanin lokaci, ya ci gaba da su a Turai a 1994, har suka nemi ya zauna amma ya koma ga aikinsa. A 2008 ya haɗu da Sammy Hagar da Michael Anthony, tsofaffin 'yan Van Halen, da Chad Smith na Red Hot Chili Peppers suka kafa Chickenfoot, wadda faifanta na farko ya kai matsayi na 4 a 2009. Mawaƙan da suka shafe shekaru a dandamali ba sa ɗaukar makaɗin da zai danne muryarsu, kuma yadda aka riƙa kiran mutum ɗaya ga irin wannan aiki na tsawon shekaru ya nuna cewa ya san lokacin da ya kamata ya ja baya.

Hujja ta uku, cewa shekarar 1991 ta binne wannan salo, ta dogara ne da karanta rabin tarihi. Babu shakka fitowar Nevermind na Nirvana a watan Satumban wannan shekara ta sauya abin da gidajen talabijin da kamfanoni ke nema, kuma ƙungiyoyi da yawa na Los Angeles masu dogon gashi da dogon kiɗan jita sun rasa kasuwa. Amma wata guda kafin haka Metallica ta fitar da baƙin faifanta, wanda ya sayar da fiye da kwafi miliyan 16 a Amurka, kuma jimlar jita da ke buɗe Enter Sandman daga hannun Hammett ta fito. A wannan shekara ce Primus ta fitar da Sailing the Seas of Cheese, kuma Counting Crows da Third Eye Blind sun yi tashensu ne a tsakiyar zamanin da ake cewa ya kawar da tasirin malaminsu. Shi kansa Satriani ya fitar da The Extremist a 1992, wanda ya kai matsayi na 22, sama da inda faifansa na 1987 ya tsaya. A 1996 ya kafa rangadin G3, inda makaɗan jita uku ke hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya sannan su haɗu a ƙarshe su yi kiɗa tare, ya fara da Vai da Eric Johnson, kuma a shekarun da suka biyo baya John Petrucci da Robert Fripp da Yngwie Malmsteen da Paul Gilbert da Steve Morse duk sun shiga. Su ukun farko sun sake haɗuwa a 2024. Abin da ya ragu bayan 1991 shi ne hasken talabijin, amma masu sauraro sun ci gaba da sayen tikiti kusan shekara talatin.

Hujja ta huɗu ba ta bukatar dogon bayani. Hendrix bai ci Grammy ba a rayuwarsa, sai lambar karramawa da aka ba shi a 1992 bayan mutuwarsa, haka ma Bob Marley sai a 2001, kuma babu mai sharhin da zai ce wannan ya rage musu daraja. Tsayar da mutum takara sau 15 yana nufin abokan sana'arsa sun sa aikinsa cikin mafi kyau na shekara har sau 15. Ƙari a kan haka, masu shirya lambar sun soke rukunin kiɗan rok marar kalmomi bayan bikin 2011, abin da ke nuna matsayin da hukumar ta bai wa salon gaba ɗaya fiye da yadda yake nuna ingancin wani makaɗi.

Adalci ya sa a amince da abin da marubucin ya yi daidai a kansa. A tsakiyar shekarun 1980 an sami ambaliyar faya-fayai na matasan makaɗa waɗanda suka mayar da atisayen yatsu kiɗa, da yawansu ta hannun kamfanin Shrapnel da Mike Varney ya kafa a 1980, kuma mujallun jita sun ƙara rura wutar ta hanyar auna gwaninta da yawan amo a daƙiƙa. Wasu daga cikin waɗannan faya-fayai ba su wuce zamaninsu ba. Haka kuma ayyukan Satriani na farko suna da rauninsu, musamman dogaro da na'urar kwaikwayon ganguna, wadda ke sa bugun ya sandare a wurare da dama na Surfing with the Alien, kuma yunƙurinsa na rera waƙa a faifan 1989 bai kai ƙarfin jitarsa ba. Shi ma ya nuna ya ji wannan rauni, domin a The Extremist ya koma ga makaɗa masu rai a ɗaki ɗaya, kuma a faifansa na 1995 ya sa Glyn Johns, wanda ya yi aiki da Rolling Stones da The Who, ya jagoranci naɗin don a sami sauti mai kusanci da bulus. Kuskuren marubucin shi ne yi wa kowa kuɗin goro, inda ya haɗa mai tsara kari da masu tseren yatsu domin kawai sun yi zamani ɗaya kuma hotunansu sun fito a mujallu ɗaya.

Tasirin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya ratsa zuwa ƙarni na gaba, kuma a nan ma bambanci ake gani. Tosin Abasi, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka zauna a Amurka, ya kafa Animals as Leaders, ƙungiya marar mawaƙi mai amfani da jita mai tsirkiya takwas da bugu mai sarƙaƙiya, kuma a 2016 ya yi rangadi tare da Vai. Ƙungiyar Polyphia daga Texas, wadda ke gauraya jita da bugun hip-hop, ta gayyaci Vai cikin kiɗanta Ego Death a 2022. Babu ɗayansu da ke kama da Satriani a sauti, amma dukansu suna tafiya a kan hanyar da faifan 1987 ya sake buɗewa, wato yiwuwar makaɗin jita ya rayu da sana'arsa ba tare da mawaƙi a gabansa ba. Satriani kuma bai daina koyarwa ba, domin a 2014 ya fara shirya zangon horo mai suna G4, inda masu koyo ke zama kwanaki tare da manyan makaɗa.

Mai sharhi yana da 'yancin ya ce kiɗan Satriani bai yi masa daɗi ba, kuma babu hujjar da za ta tilasta wa kunne son abin da ba ya so. Abin da ba shi da 'yanci a kansa shi ne mayar da wannan zaɓi ya zama hukuncin tarihi, sannan ya gina a kansa wata nasiha mai cutarwa ga masu koyo, wato cewa sanin ƙa'ida yana kashe baiwa. Matashin da ya karɓi wannan nasiha zai tsaya a kan abin da yatsunsa suka tsinta da kansu, kuma duk ranar da kunnensa ya ji abin da hannunsa bai iya ba, ba shi da hanyar kaiwa gare shi. Rayuwar Hammett da Hunter da LaLonde da Bryson ta nuna cewa ilimi ɗaya yana iya zama tushen salo huɗu da ba su haɗa komai ba, muddin malamin ya koyar da kayan aiki ya bar wa ɗalibi abin da zai gina da su. Duk wanda zai rubuta tarihin jita mai lantarki daga 1980 zuwa yau dole ne ya yi bayanin yadda ɗakin darasi ɗaya a Berkeley ya ciyar da metal da jaz da waƙoƙin rediyo a lokaci guda, kuma maƙalar da ake mayar wa martani ba ta ko yi yunƙurin amsa wannan tambaya ba.